Kafin a Ɗora Azurfar Kaka a Sikeli

Tambaya

Assalamu alaikum. Kakarmu ta wajen uba ta rasu bara. Cikin kayanta mun tarar da wani tsohon gwangwani cike da 'yan ƙananan kayan azurfa guda goma sha bakwai: butar shayi da ba ta fi babban yatsa ba, kujeru biyu da teburi, gadon jariri, kejin tsuntsu, keken doki, injin niƙa mai fukafukan iska, faranti, da wasu 'yan mutum-mutumi. Duk sun yi baƙi. Goggonmu ta dage cewa sun haura shekara 300, wai daga gidan wani sarki na Turai suka fito. Yayanmu kuma ya ce ƙarfe ne kawai, a kai wa masu sayen azurfa su auna, a raba kuɗin kowa ya huta.

Na duba ƙarƙashinsu da kyamarar waya. Butar tana da zaki mai tafiya, da angar jirgin ruwa, da ƙaramin harafin g, da L&S. Keken dokin da injin niƙan suna da ɗan takobi, ɗaya kuma da mabuɗi a gefensa. Kujerun da teburin tambura sun yi musu yawa: kambi, tsuntsu, fure, sannan a jere B.M., zaki, damin alkama uku da takobi, da babban F. Kejin yana da jinjirin wata da kambi da 800. Gadon jaririn yana da alamar X uku a tsaye, ɗaya bisa ɗaya, da kambi a sama, amma sun dusashe. Farantin an rubuta masa EPNS. Sauran babu komai. Na sayi man goge azurfa amma ban taɓa su ba tukuna. Ta yaya zan san shekarunsu da inda aka ƙera su? Kuma wa ke da gaskiya, Goggo ko Yaya?

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Kaka, ya kai haske kabarinta.

Tun kafin mu shiga zancen tambura, ina roƙonki abu biyu. Ki ajiye man gogen nan can nesa, kuma ki ba Yaya haƙuri ya dakata wata ɗaya ko biyu. Gogewa da narkarwa su ne kaɗai abubuwan da in an yi wa waɗannan kaya ba su da gyara. Baƙin da kike gani ba tsatsa ba ne, ba ya cin ƙarfen zuwa ciki. Farar wuta ce da ke cikin iska take haɗuwa da fuskar azurfa ta bar wannan duhun, kuma zai iya zama a haka shekara hamsin ba tare da ya ɓata komai ba. Man goge kuwa kankarewa yake yi. Duk gogewa ɗaya tana tafiya da ɗan ƙarfe, tambarin da ke jikin ƙaramin abu kuma ba shi da zurfi, wani bai kai ƙwayar shinkafa ba. Masu tara irin waɗannan kaya sun fi son su gan su da duhunsu a cikin lungunan zane, domin shi ke fito da aikin maƙeri. Kin yi dabara da kika tsaya kika tambaya.

Abin da na fi so ki riƙe daga wasiƙarki shi ne wannan: gwangwanin nan ba shekara ɗaya gare shi ba, kuma ba ƙasa ɗaya ba. Daga tamburan da kika lissafa kaɗai na ga Ingila, na ga Holan, na ga Jamus. Saboda haka tambayar “shekarunsu nawa” ba ta da amsa ɗaya. Kowanne za a ɗauko shi daban, a tambaye shi daban. Kuma a kowanne shaida uku ake nema su yi daidai da juna: tambarin da ke jikinsa, yadda aka ƙera shi, da yadda ya tsufa. In ɗaya ya saɓa wa sauran biyun, to akwai magana.

Labarin Goggo bai faɗo daga sama ba. Gaskiya ne an yi irin waɗannan kaya shekara 300 da suka wuce, kuma a gidajen masu hannu da shuni aka ajiye su. A Holan, cikin ƙarni na 17 da na 18, matan manyan attajirai sukan sa a yi musu kabad a siffar gida, ɗaki-ɗaki, su cika shi da 'yan kayan ɗaki da na girki. Ba na wasan yara ba ne, abin nuna wa baƙi ne. Na Petronella Oortman da na Petronella Dunois har yau suna nan a gidan tarihi na Rijksmuseum da ke Amstadam. Akwai maƙeran da wannan ce sana'arsu kacokan, kamar zuriyar Van Strant, da Arnoldus van Geffen wanda ya yi aiki daga 1728 zuwa 1769. A Landan ma an yi George Manjoy da David Clayton a ƙarshen ƙarni na 17 da farkon na 18. Sai dai a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 sha'awar tsofaffin kaya ta sake tashi a Turai, masu nema suka fi kayan yawa. Sai masana'antu a Holan, musamman garin Schoonhoven, da kuma garin Hanau na Jamus, suka shiga ƙera sababbi a tsohuwar siffa, aka ci gaba da haka har cikin ƙarni na 20, matafiya suna saye suna kai wa iyali tsaraba. Mafi yawan abin da ake tararwa a kayan gado daga wannan zango na biyu yake. Ina faɗa miki tun yanzu don kada zuciya ta ɗaukaka buri, amma ba don in rage musu daraja ba. Abin da ya shekara 120 yana hannun zuriya ɗaya ba abin rainawa ba ne.

Mu fara da butar shayin, domin ita ce ta fi kowa bakin magana. Ingila ta daɗe da tsarin da ba a bar wa maƙeri ya yi wa kansa shaida ba: dole ya kai kayansa ofishin gwaji, a kankari kaɗan a auna, sannan ofishin ya buga tambarinsa. Zaki mai tafiya, wanda aka fara bugawa a 1544, yana nufin cikin kashi 1,000 na ƙarfen kashi 925 azurfa ce. Anga alamar ofishin Birmingham ce, wanda aka buɗe a 1773 tare da na Sheffield. Ke nan tun a nan shekara 300 ta faɗi, butar ba za ta girmi ofishin da ya buga mata tambari ba. Sai abin da babu shi, wanda shi ma shaida ne. Daga 1784 zuwa 1890 ana ƙara kan sarki ko sarauniyar da ke mulki, alamar an biya haraji. Ba ki ambaci kai ba. Saura harafin g, kuma a nan ake buƙatar ido. Kowace shekara da harafinta, in haruffa sun ƙare a sake zagayowa da wani salon rubutu da wata siffar garkuwar da ke kewaye da shi. A Birmingham, ƙaramin g na tsohon rubutu mai ƙusurwoyi 1881 ne, kuma da shi ne da kin ga kan Sarauniya Victoria a gefe. Babban G 1931 ne. Ƙaramin g na rubutun boko da muka saba 1906 ne, ko farkon 1907, domin a wancan zamani a tsakiyar shekara ofishin ke canza harafi. L&S kuwa ya dace da kamfanin Levi & Salaman na Birmingham, wanda ya yi suna wajen irin waɗannan 'yan ƙananan kaya a daidai wannan lokaci. Kin ga yadda shaidun suka riƙe juna? Ki sake duba harafin da kyau, ki gwada shi da jadawalin tamburan Birmingham, wanda ke cikin littattafan tamburan azurfa da kuma intanet. Kada ki dubi harafin kawai, ki dubi siffar garkuwarsa.

Keken doki da injin niƙa na Holan ne, ɗan takobin nan ya faɗa. A 1814 ƙasar ta kafa sabon tsarin tambari. Manyan kaya ana buga musu zaki, wanda ke tsaye da lamba 1 ga azurfa mai kashi 934, mai tafiya da lamba 2 ga mai kashi 833, da kan mace mai kwalkwali, da harafin shekara. Ƙananan da ba su da wurin ɗaukar duk wannan sai a buga musu takobi kaɗai. Matsalar takobin ita ce ba ya faɗar shekara, iyakarsa ya ce “bayan 1814 ne”. Amma akwai abin da ke rage tazarar. A 1953 an canza ma'auni zuwa 925 da 835, daga nan kuma ana rubuta lambar a jikin takobin. In kin ga 835 a tsakiyar naki, to bai wuce shekara saba'in da 'yan kai ba. Mabuɗin kuma alamar fitarwa waje ce, an yi amfani da ita daga 1853 zuwa 1953. Wanda ke da mabuɗi an yi shi ne don kasuwar ƙetare cikin waɗannan shekaru ɗari. Ki nemi wasu 'yan haruffa biyu ko uku a kusa da takobin, wani lokaci da lamba, wannan tambarin maƙeri ne, kuma an adana sunayen maƙeran Holan da shekarun aikinsu. Shi ne zai matse miki lokacin sosai.

Kujeru da teburi su ne za su fi ruɗar wanda bai sani ba, kuma ina zaton su ne tushen labarin gidan sarki. Kambi, tsuntsu, fure: in mutum ya gani sai ya ce wannan ai sarauta ce. Kama da wane ba ta wane. Maƙeran Hanau, irin su kamfanin Neresheimer da na Schleissner, sun ƙware wajen yin kaya a salon ƙarnonin da suka shuɗe, kuma babu wani ofishin gwaji a garin da ke tilasta musu tambari ɗaya. Sai kowa ya ƙirƙiro nasa, masu kama da tsofaffin tamburan Faransa ko na garuruwan Jamus, amma ba su ba ne. Azurfar gaskiya ce, aikin ma sau da yawa kyakkyawa ne, tamburan ne na ado. Abin da ya tona asirin shi ne jeren na biyu. Dokar Ingila ta ce duk azurfar da aka shigo da ita daga waje sai an gwada ta an buga mata tambari, kuma har zuwa 1904 ana ƙara babban F don a san baƙuwa ce. Damin alkama uku da takobi alamar ofishin Chester ce, wanda aka rufe a 1962. B.M. kuwa Berthold Muller ne, ɗan kasuwar da ya riƙa shigo da kayan Hanau Ingila a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. Don haka labarin kujerun a fili yake: an ƙera su a Jamus, an tsallaka da su Ingila, an gwada su a Chester kafin ƙarshen 1904. Ya kamata a jeren a sami harafin shekara, ki ƙara dubawa, wataƙila ya ɓuya a ƙarƙashin ƙafa ko bayan majingina.

Kejin tsuntsu ba shi da wahala. Jinjirin wata da kambi tambarin ƙasa ne na Jamus da ya fara aiki a 1888, 800 kuma yawan azurfar ne cikin 1,000. Kafin nan Jamusawa da wani ma'auni suke lissafi mai hawa 16, shi ya sa tsofaffin kayansu ke ɗauke da 12 ko 13. Farantin kuma, ki yi haƙuri, ba azurfa ba ne. EPNS na nufin farin ƙarfe ne na tagulla da nikel da aka yi wa ruwan azurfa da lantarki, dabarar da kamfanin Elkington na Birmingham ya yi wa rajista a 1840. Haka duk abin da aka rubuta wa ALPACCA, babu azurfa a cikin ƙarfensa.

Yanzu gadon jariri. A kansa nake so ki kashe lokacinki, domin shi kaɗai ne cikin abin da kika bayyana zai iya gaskata Goggo. X uku a tsaye da kambi a sama tambarin birnin Amstadam ne na zamanin ƙungiyoyin maƙera, waɗanda aka rushe a 1798. In na gaske ne, gadon ya haura shekara 200. Amma tambari ne da ake yawan kwaikwaya a kan ƙananan kaya, kuma kalmar da kika yi amfani da ita, “sun dusashe”, tana iya nufin abu biyu masu nisa da juna.

Ki sami gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, mai ninka abu sau goma. Ki kashe fitilar ɗaki, ki kunna tocilar waya, ki riƙe ta a gefe har hasken ya kwanta a kan ƙarfen maimakon ya sauka daga sama. Tambarin gaske da ƙarfe mai tauri ake buga shi, bugu ɗaya na guduma. Bakinsa na ciki yana da kaifi ko da saman ya goge, ƙarfen da ke kewaye yakan ɗan tasa saboda an ture shi, kuma in abin siriri ne, in kika juya bayansa za ki ga ɗan kumburi ko wuri mai sheƙi daidai inda bugun ya sauka. Irin wannan in ya dusashe, daga sama yake dusashewa, ƙasan ramin yana nan garau. Na jabu sau da yawa ba buga shi aka yi ba. An ɗauki tsohon abu na gaske an yi masa mazubi, an zuba narkakkiyar azurfa, sai tambarin ya fito tare da jikin. Irin wannan ko'ina a dusashe yake, sama da ƙasa, bakinsa a lanƙwashe, cikin ramin da 'yan ƙuraje-ƙuraje, bayan kuma babu alamar bugu ko kaɗan. Akwai kuma na uku, wanda aka buga da gaske amma da tambarin kwaikwayo, kuma shi sai wanda ya ga na asali da yawa ne zai rarrabe.

Daga nan ki duba abokan tafiyarsa. Tambarin birni ba ya zuwa shi kaɗai a ƙa'ida, akwai harafin shekara da alamar maƙeri. Ki bi gadon lungu-lungu, ƙafafu, gefen katanga, ƙarƙashin rumfa, ki nemi wani ɗan tambari da ya ɓuya. In kika tarar da takobin nan na bayan 1814 a wani saƙo, mai kaifi sabo, alhali X ukun suna fili inda kowa zai gani, to mai yiwuwa takobin ne ke faɗar gaskiya, sauran ado ne. In kuwa ɗan gatari kika gani, wannan alamar haraji ce da aka riƙa bugawa daga 1853 a kan tsofaffin kayan da suka dawo kasuwa. Yana ƙara wa zancen tsufa ƙarfi, ko da yake ba ya yanke hukunci shi kaɗai.

Sai ƙirar kanta. Abin da aka yi da hannu daga fallen azurfa kaurinsa ba ya zama ɗaya ko'ina, za ki ga sawun magagari a inda ido ba ya kaiwa, ƙafafu huɗun ba za su zama tagwaye ba, liƙin ma ana ganinsa siriri a mahaɗa. Zubi na baya-bayan nan yakan bar layi inda ɓangarori biyu na mazubin suka haɗu, da 'yan ramuka kamar na allura, zanen kuma ba shi da kaifi. Wanda inji ya buga siriri ne, ɓarinsa biyu iri ɗaya sak. Kada dai ki ce duk zubi sabo ne, maƙeran ƙarni na 18 ma suna zuba 'yan mutum-mutumi da ƙafafu, amma sukan bi su da hannu su gyara zanen. Tsufa kuma yana da wuraren da yake sauka: tafin ƙafafun da suka shekara suna gogar katako, gefen da yatsu ke kamawa, ƙololuwar zane. Lalacewar gaske santsi gare ta kuma ba ta bin ko'ina daidai. In kika ga karce iri ɗaya ya rufe jiki duka har inda hannu ba ya taɓawa, wani ne ya sa shi.

Waɗanda ba su da tambari kada ki yanke musu hukuncin cewa ba azurfa ba ne. Ƙasashe da yawa sun yafe wa ƙananan kaya gwaji, a Birtaniya ma yau abin azurfa da bai kai giram 7.78 ba ba dole ne a buga masa ba. In cikinsu akwai na saƙar siririyar waya, asalinsu ya fi wuyar ganewa, domin an yi irin wannan aiki a Genoa ta Italiya, da Malta, da Fotugal, da Cuttack ta Indiya, da Sin, kuma suna kama da juna ƙwarai. Maganaɗisu zai taimaka kaɗan: in ya kama, ba azurfa ba ce, in bai kama ba kuma bai tabbatar da komai ba, tunda tagulla ma ba ta kamuwa. Kada ki yarda kowa ya kankare su ya ɗiga asid. Akwai na'urar da ake kira XRF da ke karanta ƙarfe da haske ba tare da ta taɓa shi ba, manyan masu gwajin zinariya da azurfa suna da ita. Ita ma fuskar ƙarfe take karantawa, don haka ruwan azurfa mai kauri yana iya yaudararta, a gaya wa mai gwajin ya lura.

Ko da za ki ci karo da wasu alamun in kin sake dubawa: kan aladen daji ko ƙaguwa na Faransa ne daga 1838, kan ƙananan kaya, 84 ma'aunin Rasha ne, daidai da kashi 875, tauraro da lamba da haruffa biyu irin AR na Italiya ne daga 1968, WH da 90 na shagon Wang Hing ne na Hong Kong, kalmar STERLING ita kaɗai ba zaki yawanci Amurka take nunawa.

Ki samu littafin rubutu, ki ba kowane abu lamba da shafinsa. Ki rubuta tsawonsa, da nauyinsa a ƙaramin sikelin da ke auna giram, ki ɗauki hotonsa ta kowane ɓangare da ruler a gefe, sannan hoton tambarin da hasken gefe. In datti ya cike tambari, ruwa mai ɗumi da sabulu mara ƙarfi da burushi mai laushi sun isa, a shanya shi ya bushe sarai. Wajen ajiya, kowanne a naɗe shi daban a farin ƙyallen auduga. Kada roba ta taɓa su, ko ulu, ko jarida, duk suna ƙara baƙin, roba ma har tabo take bari. Gwangwanin kansa kada a yar, haka duk wata takarda, rasit, ko audugar da aka tarar a ciki.

Kuma ki je wurin Goggo, ba don ki ƙaryata ta ba. Ki zauna ki tambaye ta: wa ya kawo wa Kaka su, a wace tafiya, lokaci ɗaya suka zo ko ɗaya bayan ɗaya, wanne ta fara gani tana yarinya? Ki naɗi muryarta in ta yarda. Ita kaɗai ta rage da ta san wannan, kuma babu tambarin da zai faɗa miki shi. Kayan gidan sarauta yawanci suna zuwa da tambarin gidan a zane, ko lambar ma'aji, ko takarda, kuma ba ki ambaci ko ɗaya ba, don haka ni ban ga hujjar wannan ɓangare na labarin ba. Amma kada ki ce mata “ba gaskiya ba ne”. Ki nuna mata kambin da ke jikin kujerun, ki ba ta labarin Hanau, ki ce mata mutane da yawa a Turai ma haka suka ɗauka, tunda don a ɗauka hakan aka buga shi. Abin da aka gaya mata ta riƙe da amana, ba ta ƙirƙira ba.

Yaya kuma da lissafi za ki same shi, tunda ta nan ya fito. Da yawa cikin waɗannan kaya ba su kai giram ashirin ba. In an tara su duka a sikeli, an cire farantin, an cire ladan mai saye, abin da zai rage a raba ba zai taka kara ya karya ba. Mai sayen ƙarfe nauyi yake biya, ba ruwansa da 1906 ko Chester. Mai tara kayan tarihi kuwa aikin yake saye da tambarin, kuma ko kayan Hanau da na Schoonhoven suna da masu nemansu, a farashin da yawanci ya fi na nauyinsu. Ke nan ko sayarwar ce za a yi a ƙarshe, narkarwa ita ce hanya mafi asara. Ki nuna masa littafin da hotunan, ki sa shi cikin aikin, shi ya riƙe sikelin.

In kin gama, ki aika hotunan ga manyan gidajen gwanjo masu sashen azurfa, da yawansu suna ba da ƙiyasi daga hoto kyauta. Ki nemi ra'ayi biyu aƙalla. Kuma ki raba mai ƙiyasi da mai saye: wanda ya ce miki abin ba shi da daraja sannan ya ce zai taimaka ya karɓa a hannunki, ki gode masa ki tafi da kayanki. Kada ki bar wa kowa su kwana ba tare da takarda mai lissafin kowanne da nauyinsa ba.

Ga yadda nake ganin a yi da rabon. Butar, kujerun da teburin, kejin, keken dokin da injin niƙan, an san asalinsu ko an kusa, ana iya ƙiyasta su a raba ko a sayar in kowa ya amince. Gadon jaririn a cire shi gefe tukuna. In gwajin hasken gefe ya nuna miki baki mai kaifi da kumburi a baya, kuma kin sami harafin shekara da alamar maƙeri ba tare da takobi ba, kada a sa masa kuɗi daga hoto, sai masanin azurfar Holan ya riƙe shi a hannu. Ki aiko min da hoton ƙarƙashinsa da na bayan tambarin, da nauyinsa, mu duba tare kafin ki tura wa kowa.